Abin da Yayata Ba Ta Gaya wa Likita Ba

A shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, 'yata ta fari tana da shekara shida. Muna haya a Trikania, ɗaki ciki da falo. Ni ina aiki a masaƙa a Kakuri, maigidana kuma direba ne a wata ma'aikata can ƙetaren gada. Duk bangon da ka duba hotunan 'yan takara ne, ruwan sama ya fara ɓamɓare su. A cikin bas hira ɗaya ake yi, cewa yanzu wuta za ta zauna, masaƙu za su farfaɗo, asibiti zai cika da magani. Ban cika sa musu baki ba, don hankalina yana kan ƙafafun 'yata.

Ciwon ya fara da kumburin ido da safe. Mun ɗauka cizon sauro ne. Daga nan ya sauka ƙafa, ya hau ciki, har takalmin makaranta ya daina shiga. A asibiti aka ce ƙodarta ce ke yoyo, tana zubar da abin da ya kamata ya zauna a cikin jini. Aka ɗora ta a kan wasu ƙananan ƙwayoyi farare masu ɗaci. Likitar da ke duba ta, wata dattijuwa mai gilashi, ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce maganin zai sauke kumburin, amma zai kwantar da garkuwar jikin yarinyar, ta yadda ciwon da wani yaro zai yi ya miƙe ya ci gaba da wasansa, ita yana iya kai ta ƙasa. Ta ce a rage mata gishiri, a tafasa ruwan shanta, ta ci abinci da zafinsa, a raba ta da makaranta na ɗan lokaci. Nono da ɗanyar madarar shanu kuwa, ta ce kada ma a kawo su kusa da ita.

Mu biyu muka ji wannan bayani, ni da yayata. Tana zaune a gefena, yarinyar a kan cinyarta, tana gyaɗa kai.

Sai na faɗi wace ce yayata a wurina kafin a gane sauran. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, yayata ce ta goya ni. Da ta yi aure ta dawo Kaduna, ita ta aika ƙauye aka kawo ni, ita ta sa ni makaranta, ita ta yi ta sintiri a ƙofar masaƙa har aka ɗauke ni aiki. Ranar aurena ita ta zauna a kujerar uwa a majami'a. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka 'yata ta zama 'yarta. Mama Babba yarinyar ke kiranta. Tana da ɗan shago a ƙofar gidanta a Romi, tana sayar da zoɓo da kunun zaƙi, da nono mai sukari da take ƙullawa a leda ta sa a firij. 'Yan makaranta kan yi layi a kansa in rana ta take.

Da maganar barin makaranta ta taso, ban ma nemi wani ba. Ba zan iya ajiye aiki ba, a lokacin ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, wanda ya yi fashi shi ake fara tunawa. Yayata ta ce in kawo ta Romi kullum. Na tuna mata maganar nonon, ina ɗan jin nauyi, tun da sana'arta ce. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini ina yarinya in na yi tambayar wauta, ta ce da kunnenta ta ji likita, ba ta bukatar mai fassara. Muka yi dariya. Kullum da safe nakan zuba abincin yarinyar a kula, da ruwanta dafaffe a gora, in sauke ta Romi in wuce Kakuri. Makon da nake aikin safe ni nake ɗauko ta, makon da nake aikin yamma kuma babanta ke biyawa da babur.

Abincin nan kam ban ga laifin yarinyar ba da ta ƙi shi. Miya ba gishiri, tuwo sai ka ce magani. Maganin ya sa fuskarta ta yi zagaye, hannuwanta kuma sirara. Takan zauna a kan tabarma ta juya cokali a kwano har abincin ya huce, in sake ɗumamawa, ta sake juyawa. Amma bayan wasu makonni sai na ga ta ɗan sake, ta daina kuka in za mu Romi, har ita ke riga ni ɗaukar gora. Na yi murna. Na gaya wa matan zumuntarmu ta majami'a cewa ban san da bakin da zan gode wa yayata ba.

Zazzaɓin ya zo wata Asabar, damina ta yi nisa. Da farko kamar na sauro. Muka ba ta maganin zazzaɓi, bai sauka ba. Washegari ta ce kanta zai tsage, ta yi amai, ta ƙi buɗe ido in an ɗaga labule. Da na ɗago ta zan ba ta ruwa sai na ji wuyanta ya sandare. Ban je sujada ba ranar. Maigidana ya nemo mota, muka biya Romi muka ɗauki yayata, muka ƙetare gada.

Likitar tata ba ta nan, wani saurayin likita muka samu. Ya duba ta, ya karanta katinta, ya ga maganin da take sha. Ya ce alamun sanƙarau ne, za su ɗebi ruwa daga ƙashin bayanta a kai ɗakin gwaji, amma sakamakon ba ya fitowa nan take, don haka dole ya fara magani kafin ya sani. Sai ya shiga tambayoyi. Ko akwai mai irin ciwon a gida, ko ta yi tafiya, ko kunnenta ya yi ruwa. Sannan ya ajiye biro ya dube mu mu uku.

"A 'yan makonnin nan ta sha nono, ko madarar da ba a tafasa ba? Ku tuna da kyau, don amsar za ta canja abin da zan ba ta."

Na ce a'a, da ƙarfina. Na ce abincinta daga hannuna yake fita. Sannan na juya wajen yayata, ba don ina shakka ba, don dai ta tabbatar masa.

Ta ce, "Ba ta sha ba."

Maigidana yana tsaye jikin ƙofa, makullin babur a hannunsa yana juya shi. Bai ce komai ba. Likita ya rubuta abin da zai rubuta, aka ɗaura mata ruwa, aka fara allura.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma suna nan daram. Yaran da ke gadajen kusa da namu masu sanƙarau suka fara zama, suka fara neman shayi. Tawa kullum ƙara nutsewa take. Ta daina gane ni. Rannan da hantsi jikinta ya kama fizga, ma'aikatan jinya suka ture ni waje, na tsaya a baranda ina kallon wata mata tana shanya zani a kan waya. Yayata ta zo ta rungume ni, na kifa kaina a kafaɗarta ina kuka, tana shafa bayana tana cewa Ubangiji ba zai kunyata mu ba. Ita ke kawo mana abinci daga Romi. Ita ta tara matan zumunta suka zo suka kewaye gadon suka yi addu'a, muryarta ta fi ta kowa. Duk tsawon lokacin nan likitan yana shigowa safe da yamma, yana wuce ta gabanta.

Da sakamakon gwaji ya fito, dattijuwar likitarmu ce da kanta ta zo. Ta ce ba sanƙarau irin wanda aka saba gani ba ne. Wata ƙwayar cuta ce ana kiranta listeriya, ta abinci take shiga, musamman nono da madarar da ba su ga wuta ba. Ta ce mai lafiya yana iya cin ta ya yi ɗan ciwon ciki ya warke, ko ma kada ya ji komai, amma mai ciki da jariri da wanda garkuwarsa ta kwanta, takan bi jini ta hau ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce sanyin firij ba ya kashe ta, a cikin sanyin ma take hayayyafa, kuma abincin ba ya wari balle a gane. Allurar da ake yi wa yarinyar tun zuwanmu ba ta taɓa irin wannan ƙwayar. Maganinta daban ne, kuma ba mai wuyar samu ba ne, akwai shi a kantin da ke bakin ƙofar asibitin.

Na shiga tuhumar kaina. Ko ragowar miyar da na ɗumama ba ta tafasa ba, ko gorar ruwan ce ban wanke da kyau ba. Na faɗi haka a gaban yayata da maigidana. Yayata ta ce in daina, ƙaddara ce.

Aka canja magani. A hankali zazzaɓin ya sauka, wuyan ya saki. Wata safiya ta buɗe ido ta ce Mama. Ba zan iya kwatanta wannan ba, ba zan ma gwada ba. Mun daɗe a asibiti bayan haka, don allurar tana da tsawon lokaci. A nan na lura in na yi mata magana ta gefen hagu ba ta waiwayowa. Aka gwada, aka ce kunnen ya tafi, ba kuma zai dawo ba.

Ana gab da sallamarmu, ina ba ta kunu da cokali da rana, mu kaɗai, sai ta kawar da kai ta ce ita nono take so. Na ce ai ta san likita ta hana. Ta ce ba irin wanda aka hana ba, irin na Mama Babba, mai sanyi, na leda. Na ajiye kofin a kan durowa a hankali. Na tambaye ta yaushe ta sha. Ta ce kullum, in ta cinye abincin kula Mama Babba takan ba ta ɗaya, wani lokaci biyu. Sai ta rufe baki da hannu, ta ce an ce kada ta gaya mini, don zan yi fushi in daina kawo ta Romi. Na ce ba zan yi fushi ba. Da ta ga ban yi faɗa ba sai ta ƙara da cewa ai Baba ma yana sha in ya zo ɗaukarta, tare suke sha a kan benci, shi yakan huda mata ledar.

Na gama ba ta kunun. Na wanke kofin. Na roƙi matar gadon kusa ta sa mini ido a kanta, na fita neman saurayin likitan nan. Na same shi a kan hanya tsakanin ɗakuna, na tambaye shi abu ɗaya, in da an ce masa ta sha nono ranar da muka zo, me zai yi. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ba zai iya rantsewa cewa daga nonon ta samu ba, ba kuma zai iya rantsewa cewa kunnen zai tsira ba. Amma da ya ji haka, da tun ranar farko ya haɗa da wancan maganin.

Yayata ta zo da yamma da kular abinci. Na tare ta a baranda kafin ta shiga. Na ce yarinya ta gaya mini. Ta tsaya, ta sauke kular a ƙasa, ta gyara ɗankwalinta. Ina jira ta ce in yi haƙuri. Wallahi da ta faɗa a wannan lokacin, ina jin da na faɗa jikinta mun yi kuka tare. Sai ta ce yarinya tana bushewa a gabanta, ba gishiri ba maiƙo, me zai zama jini a jikinta. Ta ce da nono ta raine ni, ga ni tsaye. Ta ce yaran Romi nawa ke sha kullum, wa ya mutu.

Na ce, "Yaya, ba nonon nake tambayarki ba. Likita ya tambaye ki, ina kallon idonki. Me ya sa kika ce ba ta sha ba?"

Ta ce, "Da na faɗa, da wane ido za ki dube ni?"

Amsar ke nan. Yarinya tana fizga a kan gado, ita kuma abin da ke gabanta shi ne idon da zan dube ta da shi. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na faɗa mata maganganu a gaban masu jinya, na ce ta ɗauki kularta ta tafi, kada ta sake taka ɗakin. Ta ɗauka ta tafi.

Na maigidana ya fi yi mini wuyar haɗiya, don shi a ɗaki ɗaya muke kwana. Da na tambaye shi, ya ce ya ɗauka leda ɗaya ba za ta yi komai ba, ya ga yarinyar tana murna. Na ce to ranar asibiti fa. Ya ce yayata ta riga ta ce a'a, shi suruki ne, ta yaya zai ƙaryata ta a gaban mutane. Ya ce daga baya ya so ya gaya wa likita a ɓoye, kullum yana cewa gobe, yana fatan maganin zai kama kafin nan. Ya ce ba ya son ya haɗa ni faɗa da wadda ta raine ni. Shi dai ya nemi gafara, har da hawaye. Na ji shi, amma na daɗe ina kallon hannunsa in yana ba yarinyar wani abu.

Bayan mun koma gida, labari ya zagaya majami'a, sai dai ba yadda ya faru ba. Abin da ya zagaya shi ne na ci mutuncin yayata a bainar jama'a. Dattawa biyu da shugabar zumunta suka kira zama a gidan kawunmu a Unguwar Mu'azu. Aka buɗe da addu'a. Na faɗi nawa tun daga farko. Suka saurara, suka yi ta girgiza kai, suka ce lallai an yi kuskure. Sannan aka shiga lissafa mini abin da yayata ta yi mini tun ina goye. Aka ce da ƙauna ta ba da nonon, ba da mugunta ba. Aka ce tun da Allah ya bar yarinyar da rai, godiya ta kamace ni. Maganar tambayar likita kuwa, duk lokacin da na dawo da ita sai wani ya ce a bar tone-tone. A ƙarshe kawu ya ce ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya ko da shi ke da gaskiya, in durƙusa in ba ta haƙuri, ita kuma ta yafe mini a wuce wurin.

Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. Na durƙusa a kan siminti. Na ce Yaya ki yi haƙuri. Ta ɗora hannu a kaina ta ce ta yafe. Matan suka rera waƙar godiya, aka kawo shinkafa.

Ban sake kai yarinyar Romi ba. Na samu wata maƙwabciyarmu 'yar Binuwai, matar wani ɗan sanda mai ritaya, ta riƙa zama da ita. Ba a jima ba ma masaƙar ta sallame mu, na sayi keken ɗinki na zauna a gida. Ciwon ƙodar ya yi ta tafiya yana dawowa har ta kai shekarun 'yan mata, sannan ya rabu da ita. A makaranta kullum a layin gaba take zama, ta gefen da malami zai kasance a damanta. Tsallaka titi ya daɗe yana ba ni tsoro, don ba ta gane ta inda ƙarar mota ke fitowa.

Ni da yayata mun ci gaba da gaisawa. Muna haɗuwa a biki da jana'iza, ina durƙusawa in gaishe ta yadda aka saba. Da ƙafa ta hana ta fita, ina aika mata da abinci, ina zuwa in wanke mata kaya. Wanda ya gan mu zai ce mun shirya. Sau da yawa in muna zaune mu biyu ta yi shiru, sai in ɗauka yanzu za ta faɗa. Sai ta tambaye ni farashin masara, ko wa ya yi wa'azi ranar Lahadi. Har ta rasu ba ta taɓa ɗauko maganar ba.

'Yata ta girma tana son Mama Babbarta, ban kuma hana ta ba. Sai bayan jana'izar, tana da nata ɗan a goye, muna wanke tukwanen da aka yi wa baƙi girki, na ba ta labarin duka. Ta saurara, ta juyo mini da kunnenta na dama kamar yadda take yi wa kowa. Da na gama ta ce ta tuna bencin, ta tuna sanyin ledar a tafin hannunta. Ta ce a duk shekarar nan shi ne kaɗai abu mai daɗi da ta sa a bakinta. Tambayar likita kuwa ba ta san da ita ba sai ranar, don lokacin ba ta cikin hayyacinta.

Sannan ta tambaye ni ko Baba ma yana wurin da aka yi tambayar. Na ce yana wurin. Babanta yana zaune a ƙofar gida tare da masu zaman makoki, muna jiyo muryarsa. Ta ɗauraye tukunyar da ke hannunta, ta kife ta a kan sauran, ta ce in miƙo mata ta gaba.